Abin Da Ya Rage Na Giwa

"A hankali mana, kada ka kankare tambarin," in ji Malam Gangariya, yana leƙe ta kan kafaɗar Kafinta.

Kafinta ko ɗagowa bai yi ba. Ya ci gaba da murza tsumma a jikin jitar da ke kwance bisa bencin aikinsa, tsakanin gwangwanin gam da wani murfin kwalba cike da ƙananan notuna. Jitar bas ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri, irin wadda ba ta kuka sai dai gurnani. A can saman kanta an manna ɗan tambarin ƙarfe, hoton giwa ta ɗaga hanci. Da wannan hoton aka san kamfanin da ke ƙera ta, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin makaɗa. Kowa Giwa yake cewa.

Shekara ashirin da shida ke nan mutumin namu yana rataye da ita. Aikin ofis ya yi har ya yi ritaya, amma duk ƙarshen mako shi ne mai bas a ƙungiyar makaɗan wani otal. Hannunsa ba laifi, kowa ya shaida. Bakinsa ne dai ya fi hannun aiki. Duk wanda ya kawo masa jita ya duba, sai ya ɗan taɓa tsirkiya ɗaya, ya taɓe baki, ya ce, "To, don koyo ba laifi." In kuwa ka yi kuskuren tambayarsa tasa, ka ja wa kanka, don gyara zama zai yi. Zai faɗa maka shekarun da kamfanin yake shanya katako kafin ya sa masa zarto. Zai ce ko ido aka ɗaure masa aka kaɗa jita goma, zai ware Giwa kamar yadda uwa ke ware kukan ɗanta. Sannan ya shafa ta, ya rufe da, "Wannan da kake gani gangariya ce." Da haka sunan ya bi shi, har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Yau kuma ranarsa ce. Kamfanin ya cika shekara saba'in, ya turo wakiliya tana zagaya ƙasashe tana neman tsofaffin Giwaye da har yanzu suke aiki, a ɗauki hotonsu da na masu su a sa a littafi. Ba wanda ya aike shi. Da ƙafarsa ya je babban shagon kayan kiɗa, ya miƙa wa Mai Shago lambar da ke jikin ɗan farantin ƙarfe a bayan jitarsa. Amsa ta dawo cewa lambar ta shekarun nan ce da ake ji da su. Ƙarfe huɗu na yamma za a taru a shagon, kuma shi ne babban baƙo.

"Na ji an ce matar nan da sukuddireba take yawo a jaka," in ji Kafinta, kamar da tsumman yake magana.

"Sai me?"

"Sai buɗewa. Shekara talatin ta yi a masana'antarsu tana duba kowace jita kafin ta fita. Ba hoto kawai take ɗauka ba. Wuya take kwancewa ta leƙa ciki."

"Ta leƙa mana. Gangariya tana tsoron ido ne?"

Sai a lokacin Kafinta ya ajiye tsumman. Tsoho ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne. Da kujeru da ƙofofi ya fara, kafin makaɗa su gano hannunsa ya san katako su hana shi sakat. Ya dubi abokin nasa ta saman tabarau.

"Mutumina, wuyan nan na waye?"

Gangariya ya ɗan yi tari. "Wannan ai tsohon zance ne. Daga saman mota ta faɗo, wuyan ya karye, ka sassaƙa wani. Sauran kuwa..."

"Sauran gangariya ne, haka ka ce a ranar. Na ɓamɓaro tambarin daga karyayyen na manna a sabon. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti fa?"

"Ruwan sama ne ya kashe su, ranar wasan filin ƙwallo."

"Ni na naɗa wasu, da keken ɗinkin marigayiya matata. Kwana uku ina taka keke ina naɗa waya siririya kamar gashi, har idona ya kaɗa ya yi ja. Kunnuwan ɗaure tsirkiya?"

"Tsatsa ce ta ci su."

"Daga jitar wani ɗan koyo na cire waɗannan, irin wadda kake taɓe wa baki. Ƙarfen da tsirkiyoyin ke kwanciya a kai, maƙeri ne ya buga mana, kana tsaye kana fifita. To, gangar jikin fa?"

Nan Gangariya ya nemi wurin zama, ya sami wani akwatin lasifika marar ciki ya ɗora jiki a kai. Gangar jikin kam bai manta ba. Shekarar da rufin ɗakin ajiyar otal ya yi yoyo, allon ya sha ruwa ya kumbura, ya tsage tun daga sama har ƙasa. Kafinta ya ce sai an sami katako mai kauri wanda ya daɗe da bushewa. Gangariya da kansa ya koma gida ya ɗauko teburin kicin a ka.

Abin haushin shi ne ba wanda ya yaudare shi. Da a ce jabu aka sayar masa, da ya sami wanda zai zaga. Jita gangariya ya saya, gangariya ya kawo gida. Kowane gyara ya zo ne shi kaɗai, da shekaru tsakaninsa da na gaba, kuma duk lokacin sai ya dubi abin da ya rage ya kwantar wa kansa da hankali. Bai taɓa zama ya haɗa su wuri guda ba sai yau, saura awa shida a kwance ta a gaban jama'a.

"To yanzu me ya rage?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"Tambari. Farantin lamba. Notuna huɗun da ke riƙe da farantin, ko da yake ɗaya ina da shakka a kansa." Kafinta ya ɗan yi tunani. "Da akwati. Akwatin kam ban taɓa sa masa hannu ba."

"Haba! Duk shekarun nan ka yi shiru, sai yau?"

"Ka taɓa tambaya? Ni dai ina nan zaune ina jin ka a rediyo kana cewa ba a haifi wanda zai kwaikwayi hannun mutanen nan ba. Na ce to, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Ya yi dariya, amma gajeriya, ya koma kan tsummansa. Dariyar ta soki Gangariya fiye da maganar. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ya son a gani, don haka ya rufe ta da faɗa: ya ce man gogewar ya yi yawa, ya ce tsumman ma ba shi da tsabta. Ya sa jitar a akwati ya nufi ƙofa.

"Zan zo in ga taron," in ji Kafinta a bayansa. "Kada ka damu, a baya zan tsaya."

A gida ya tarar an goge masa kaya an rataye a jikin ƙofar ɗaki. Ya ajiye akwatin a bayan doguwar kujera, ya miƙe a kanta, ya fara nishi. Da bai ji motsi ba sai ya ƙara wa nishin ƙarfi, har matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Maman yara, ina jin zazzaɓi ne zai kama ni."

Ta ɗora bayan hannu a goshinsa. "Goshinka ya fi nawa sanyi. Tashi ka ci abinci."

"A ciki nake jin sa."

"Wata guda kana hana mu barci da zancen wannan rana, yau kuma zazzaɓi? Malam, me ka yi?"

Shekara talatin da biyar da aure ba wasa ba ne, ya san ba inda za shi. Ya faɗa mata komai, yana kallon silin. Yana kai ƙarshe ta dafa bango, ta sulale ta zauna a hannun kujera, tana dariya har da hawaye.

"Wayyo cikina! Giwar da na yi shekara bakwai ina yanka albasa a kanta, ita za a sa a littafi?"

"Ashe kin riƙe abin a ranki."

"Yaya ba zan riƙe ba? Wata biyu ina girki a durƙushe kafin ka sayo wani teburin."

"To me ya hana ki tuna mini?"

"Na tuna maka! Ranar da kake gaya wa surukinmu cewa katakon daga wani daji mai sanyi aka saro shi, ban ce maka a'a, daga kusa da firij ba? Ka ce in yi shiru, ban san kiɗa ba."

Ya tashi zaune. Ya fara zayyana mata dabarun da ya haɗa a hanya. Zai iya cewa an sace ta a mota. Zai iya ɗiga gam a kan notunan, matar ta yi ta fama har ta gaji. Zai iya zuwa a makare, lokacin da an fara watsewa. Kowace ya faɗa, sai ya ji ta fi ta baya muni tun kafin ya rufe baki.

"Ranar wanka ba a ɓoye cibi," in ji ta. "Ka je. In dariya ce, za su yi su gaji. Ni ma ka ga na yi na gaji." Ta miƙe, sannan ta tsaya a bakin kicin. "Abu ɗaya dai zan tambaye ka. Tsohon nan da kake kai wa ita dare da rana, ko sau ɗaya ka taɓa ambatonsa a gaban mutane?"

Ya buɗe baki zai ce ƙwarai, ya lalubo, bai sami ko ɗaya ba. Ya ja farantin abincin gabansa ya fara ci ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba.

Ƙarfe uku da rabi ya tari tasi, ya zauna a baya da akwatin a tsakanin gwiwoyinsa. Direban ya yi ta satar kallonsa ta madubi, can dai ya kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, ba kai ne Gangariya ba? Kai! Yau na ɗauko babban mutum. Ƙanena ma bas yake kaɗawa. An ba shi wata mai kyau kyauta ya ƙi karɓa, wai ya ji ka ce in ba Giwa ba, gara mutum ya tafa hannu. Ita ce a ciki?"

"Akwatin dai nata ne," in ji Gangariya, ya juya yana kallon titi.

Direban ya ɗauka barkwanci ne, ya yi ta dariya har suka isa.

An ture kantocin shagon gefe an jera kujerun roba, kuma duk sun cika, wasu na tsaye a jikin bango. Makaɗan gari kusan duk sun zo, har da waɗanda ya taɓa gaya wa cewa jitarsu ta koyo ce. A bango sababbin Giwaye ne a rataye, suna sheƙi a ƙarƙashin fitila. Mai Shago, wani ƙaton mutum mai yawan zufa, ya tarbe shi da hannu biyu, ya kai shi gaban wakiliyar. Gajeriyar dattijuwa ce mai furfura, tabarau na lilo a wuyanta da igiya. Ba ta jin harshensu, Mai Shago ne tafinta. Ta gaishe shi da fara'a, amma idonta na kan akwatin. A can baya kusa da ƙofa, Kafinta na tsaye kamar yadda ya yi alkawari.

Aka ce ya fara kaɗa musu wani abu. Mai gangar ƙungiyarsu ya zauna a bayan gangunansa ya ba shi taki. Yana taɓa tsirkiyar farko gurnanin ya cika shagon, gilashin kanta ya fara rawa, kawuna suka fara kaɗawa. Allah ya sani, ko a gigice yake hannunsa ya san hanya. Wuri ɗaya ne kawai, inda yake gangarowa daga tsirkiya mai kauri zuwa ta ƙasanta, ta yi masa wata 'yar ƙara, ƙarrr, kamar an ja cokali a kan tire. Wannan ƙarar ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Kusan shekara ashirin yana mayar wa Kafinta jitar saboda ita. Ya ɗago ya harare shi kamar yadda ya saba, sannan ya tuna halin da yake ciki, ya sauke ido.

Aka yi tafi kamar rufin zai tashi. Mai Shago ya karɓi makirufo ya ce, "Jama'a, kun ji da kunnenku. Wannan shi ake kira sautin Giwa!"

Wakiliyar ta miƙo hannu biyu. Ya cire jitar daga wuyansa ya ba ta. Ta kwantar da ita a kan tebur bisa wani ƙyalle, ta sassauta tsirkiyoyin, ta buɗe jaka. Sukuddireban kuwa yana nan, ɗan ƙarami mai jan mariƙi. Ta karanta lambar farantin, ta duba wata takarda, ta gyaɗa kai. Ta kwance notuna huɗun ɗaya bayan ɗaya, a na ukun ta ɗan dakata ta juya shi a tafin hannu. Ta raba wuyan da gangar jikin. Ta sa tabarau ta leƙa gurbin, ta shafa katakon da babban yatsa, har da sunsunawa. Sannan ta ɗaga wuyan ta kanne ido ɗaya tana duban tsawonsa, ta daɗe a haka.

Da ta ɗago, shi ta kalla. Kallo ɗaya, ya san ta gane komai, wataƙila har albasar. Ya ji zufa na bin bayansa. Ya ce a ransa, shi ke nan, baki ya yanka wuya.

Ta mayar da kowane abu inda yake, ta ɗaure tsirkiyoyin, ta daidaita su da kunne. Ta juya ga Mai Shago ta yi wata gajeriyar magana.

"Ta ce lambar tasu ce!" in ji Mai Shago da ƙarfi.

Tafi ya ɓarke. Gangariya ya dube ta, ta ɗan lumshe masa ido. Baiwar Allah ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta tona shi ba. Ta buɗe masa ƙofar tsira ta matsa gefe. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har ya fara gyara wuyan rigarsa don hoto.

Ta ƙara wata maganar, wannan karon a hankali, tana shafa wuyan jitar.

"Ta kuma ce," in ji Mai Shago, yana share goshi, "rabon da ta ga wuya miƙaƙƙe irin wannan ta manta, kamar jiya aka yi shi. Kun ji aikin Giwa ko? Shekara ashirin da shida, ko gezau!"

Aka sake tafi. Gangariya ya hango Kafinta yana tafawa tare da kowa, sannu-sannu, ba fushi a fuskarsa, ba komai. Ya gyara fensirin bayan kunnensa, ya juya zai fita. Wannan juyawar ce ta ɓata wa mutumin namu lissafi. Da tsohon ya harare shi, da ya iya jurewa.

Sai ga makirufo a bakinsa. "Baba Gangariya, ga masu tasowa nan. Kai ka fi kowa sani. Giwa ta cancanci sunan da ta yi?"

Amsar tana kan harshensa, ya faɗe ta sau dubu, ko a mafarki zai iya. Ya ja numfashi.

"Wallahi ban sani ba," ya ce.

Mai Shago ya yi dariyar yaƙe, yana jiran ƙarashen wasan.

"Da gaske nake. Rabona da in kaɗa cikakkiyar Giwa shekara ashirin da biyu. A tare mini tsohon can mai shirin sulalewa, kada ya fita. Wuyan nan da ake yabo, shi ya sassaƙa shi. Maganaɗisun, shi ya naɗa su da keken ɗinki. Kunnuwan na jitar koyo ne, kai mai jar hula, irin taka da na raina. Gangar jikin kuwa..." Ya nuna ta da yatsa. "Teburin kicin ɗin matata ne."

Mai ganga ne ya fara dariya, ya kifa kai a kan gangarsa yana dukan cinya, sai kowa ya fashe. Wani ya faɗo daga kujera. Mai jar hula ya miƙe yana ihu, "A sake faɗa! A sake faɗa, ban ji ba!" Gangariya ya tsaya a tsakiya ana yi masa dariya, kunnuwansa na zafi. Ya yi zaton zai ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunyar kam ya ji ta, amma ƙirjinsa ya yi sakayau, har ya ga shi ma yana murmushi.

Wakiliyar ta ja rigar Mai Shago tana neman fassara. Ya fassara mata da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Ta tuntsire da dariya, ta ratsa kujerun har inda aka tare Kafinta, ta kama hannunsa ta juya tana duban tafin. Ta yi tambaya.

"Wai shekara nawa ka shanya katakon?" in ji Mai Shago.

"Ba ni na shanya ba," in ji Kafinta, yana sosa ƙeya. "Shekara bakwai ya yi a kicin."

Da aka fassara mata, sai da ta cire tabarau ta share ido. Ta ce hoton da za a ɗauka mutum biyu ne, in ba haka ba ta fasa. Sannan ta taka zuwa bango, ta yi ɗage ta sauko da sabuwar Giwa fil, ta kawo wa Gangariya. Ba ta buƙaci tafinta ba. Ya ce bai sani ba, to ga ta nan.

Surutun ya lafa. Ya rataya ta, ya ji ta ɗan fi tasa nauyi, wuyanta santsi kamar an shafa mai. Mai ganga ya share hawaye ya ba shi taki. Ya taɓa tsirkiyar. Kai, madalla! Sautin ya fito a dunƙule, mai zurfi, mai tsabta, ba abin da za ka kushe. Mutanen nan sun iya aiki, ya yarda har zuciyarsa. Ya saki jiki ya bi kiɗan, ya iso inda yake gangarowa daga tsirkiya mai kauri.

Ƙarrr.

Ya ɗaure fuska, ya koma baya ya sake biyowa.

Ƙarrr. Ita ce dai, ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba.

"To," in ji Kafinta daga cikin jama'a, "wannan ma teburin ne?"

Wakiliyar ta matso, ta kama ƙaramin yatsansa na hagu, ta tura shi gaba kaɗan, bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba, har ya matsa kusa da ɗan ƙarfen da ke gicciye a wuyan. Ta yi masa alama ya sake. Ya sake. Sautin ya fito tas. Ta ɗauko tasa ta ba shi, ya sa yatsan inda ta nuna, nan ma tas. Wannan karon shi ya riga kowa dariya.

Mai Shago bai haƙura ba, ya sake turo makirufo. "To Baba, yanzu dai ka ji. Ta cancanta?"

"Ta cancanta, tana da kyau ƙwarai," in ji Gangariya. "Teburin ma yana da kyau. A dai riƙa sa yatsa inda ya kamata."

Rana ba ta gama faɗuwa ba suka fito. Gangariya da Kafinta suka tsaya a bakin titi suna jiran mota, akwatin a jingine da ƙafarsa. Gangariya yana ta murza ƙaramin yatsansa.

"Sau nawa na kawo maka ita saboda ƙarar nan?" ya tambaya.

"Na daina riƙewa tun da daɗewa."

"Kuma ka san ba daga ita ba ne?"

"Tun zuwan farko."

"To me kake yi mata in na bar maka?"

Kafinta ya dubi titi, ya gyara tabarau. "In goge mata ƙura, in rataye ta kwana biyu. Ka zo ka kaɗa, ka ce yauwa, yanzu ta dawo daidai."

Gangariya ya so ya yi fushi, ya nema bai samu ba. Ya yi ta dariya shi kaɗai har ya dafa sandar fitilar titi, masu wucewa na kallonsa. Wata tasi ta tsaya, kujerar gaba ce kawai ba kowa, bayan kuwa mutum uku ne a matse. Ya buɗe wa Kafinta ƙofar gaba, ya jira ya zauna ya rufe masa. Shi kuma ya cusa kansa a baya, ya ɗora akwatin a kan cinyarsa.